Karkashi Ma Fure Ne

A sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Katsina da Abuja, gidajen masu hali sun koma kama ɗaya, kamar tela guda ne ya ɗinka su. Katanga mai tsayi da waya a samanta, tsakar gida shafe da intalok daga bakin get har ƙofar kicin, 'yar shimfiɗar ciyawar ado a gefe, jerin dogayen itatuwan nan masu siffar mashi a jikin bango, sai shingen fulawa mai ruwan ɗorawa da gadina ke yi wa aski duk bayan mako biyu. Idan damina ta sauka, wani ɗan tsiro ya yi ƙarfin halin leƙowa daga gindin katanga, ba ya kwana uku: ko fartanya ta same shi, ko a yi masa feshi. Sau da yawa tsiron nan karkashi ne, ko gasaya, ko lalo, wato ganyen da mahaifiyar mai gidan ta yi masa miya da shi yana yaro, wanda kuma matarsa za ta aika a sayo mata busasshe a kasuwa.

Wannan tsari ba shi da hujjar da za ta tsaya da ƙafarta, ta fuskar kyau ko ta tsabta. Kwaikwayo ne da aka gada ba a bincika ba, kuma ana biyan kuɗinsa da abubuwa biyu waɗanda yankin ba shi da rararsu: ruwan ƙarƙashin ƙasa, da ƙwarin da ke yi wa amfanin gona barbara. Karkashin da ake tugewa a zubar ya fi yawancin abin da aka dasa a madadinsa cancantar zama a tsakar gida. Yana da fure mai kyau, ba ya neman ban-ruwa, ƙudan zuma suna samun abinci a jikinsa, mutanen gida ma suna samu. Laifinsa kawai shi ne ba a sayar da shi cikin baƙar leda a bakin titi.

Fulawa da ciyawa

Matsalar ta faro ne daga harshe. Hausa tana da kalmar fure tun tale-tale, amma da aka zo batun ado sai aka aro fulawa daga Turanci, aka keɓe ta ga tsiron da ake saya da kuɗi. Duk abin da ya fito da kansa kuwa sunansa ciyawa ko haki, hukuncinsa tugewa. Shi ya sa mutum mai digiri biyu zai tsaya gaban karkashi a watan Agusta, furanninsa a buɗe, yana kallo amma bai ga fure ba, domin tun farko an raba masa tsirrai gida biyu, an jefa wannan a ɓangaren shara. A 1916 wani likita ɗan Sukotland, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa daga bakin mutanen ƙasar, suka cika masa littafi guda. Da yawa daga jikokin waɗanda suka ba shi sunayen ba za su iya kiran tsiro goma da sunansa a cikin waɗanda ke fitowa bayan katangarsu ba.

Ita ciyawar adon tana da tarihinta, kuma ba a nan aka rubuta shi ba. A Ingila, ƙasar da yayyafi ba ya ɗaukewa, ciyawa kan yi kore da kanta shekara a zagaye. Masu manyan filaye na ƙarni na 18 sun mai da ita alamar arziki: ga fili mai faɗi, ba a noma shi, ba a kiwo a kansa, an bar shi don kallo kurum. A 1830 Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa, abin ya sauko daga gidajen sarauta zuwa gidajen ma'aikata. Jami'an mulkin mallaka suka zo da wannan sha'awa zuwa unguwannin da suka keɓe wa kansu, irin Nassarawa ta Kano, da yaron lambu mai ɗawainiyar ban-ruwa. Bayan 1960 manyan ma'aikatan gwamnati suka gaji gidajen, suka gaji sha'awar, ba wanda ya tambaya ko ruwan saman Ingila yana cikin gadon.

Sauran kayan adon ma baƙi ne. Itatuwan nan masu siffar mashi, waɗanda masu sayar da fulawa ke kira maskared, daga Indiya da Siri Lanka suka fito. Boganbiliya daga Kudancin Amurka take, kuma jan abin da ke ɗaukar ido a jikinta ganye ne mai launi, furen ainihi ɗan ƙanƙane ne a tsakiya. Shingen nan mai ruwan ɗorawa shi ma daga nahiyar Amurka yake, yana iya yin fure, amma almakashin gadina ba ya barinsa ya kai. Baƙunci a kan kansa ba aibi ba ne. Mangwaro, darbejiya da zogale duk daga Asiya suka zo, sun zauna, suna rayuwa da ruwan damina, suna kuma ciyar da mutane da ƙwari. Ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane tsiro a kai tambaya biyu ce: zai rayu da ruwan da ƙasar ke da shi? Akwai wani mai rai da ke amfana da shi? Ciyawar ado da shingen da ake askewa sun faɗi a duka biyun.

Gidan Bahaushe na da bai taɓa zama fako ba. Akwai kabewa da duma suna hawa danga, akwai lalle da zogale a kusa da makwararar ruwan wanke-wanke, akwai rama da yakuwa a bayan ɗaki, ɗoɗɗoya a bakin rijiya. Kowannensu yana fure a lokacinsa, babu wanda aka haƙa wa rijiya ta musamman. Ba a kira wannan lambu ba saboda ba a shirya shi don baƙo ya gani ya yaba ba, amma ta fuskar ruwa da ta abinci ya fi abin da ya maye gurbinsa hankali nesa ba kusa ba.

Lissafin ruwa

Lissafin ba ya buƙatar injiniya. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. A watannin Maris da Afrilu, rana da busasshiyar iska suna iya kwashe milimita 6 ko fiye daga filin ciyawa a kowace rana, kuma sai an mayar da abin da suka kwashe ciyawar za ta ci gaba da zama kore. Filin da ke da mita 10 a tsaye da 10 a kwance, wanda ba wani babba ba ne a gidan babban ma'aikaci, yana shan lita 600 ke nan a yini, jarka 24 mai cin lita 25. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha, girki, wanka da wanki. A ƙaramin ma'aunin, ciyawar nan tana shanye rabon mutum goma sha biyu. Ko da an ɗauki matsakaicin lita 500 aka ninka da kwanaki 200 na rani, an zuba lita 100,000 a kan abin da ba a ci, ba a zama a kai, yara ma an hana su taka shi.

Mai gidan zai ce rijiyar burtsatse tasa ce, da kuɗinsa ya haƙa. Ramin nasa ne, ruwan kuwa na unguwa ne. Birnin Kano da Abuja suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwan ƙasa yake maƙale a tsage-tsagen dutsen da ɓangaren samansa da ya ruɓe. Babu wani tafki a ƙarƙashin ƙasa da ke jiran famfo. Abin da damina ta tsiyaya shi ne jarin kowa, kuma wanda ya fi zurfin rami da ƙarfin inji shi ke riga maƙwabtansa. Idan rijiyar gidan da ke bayan katanga ta ƙafe a watan Afrilu, matan gidan suka koma jiran 'yan garuwa, tiyon da ke kwance a kan ciyawar ado yana da hannu a ciki. Intalok da kankare kuma suna ƙara ta'azzara lamarin ta ɗaya gefen: ruwan sama da ya kamata ya nutse ya cika rijiyoyi sai ya kwarara titi, ya haɗu da na sauran gidaje ya zama ambaliya a unguwar da ke gangare.

Ƙasashen da aka kwaikwaya sun fara dawowa daga rakiyar wannan ado. A 2021 jihar Nebada ta Amurka ta kafa dokar da ta wajabta cire ciyawar da ba ta da aiki sai kallo daga harabar ofisoshi, gefen tituna da makamantansu a yankin Las Begas kafin ƙarshen 2026, hukumar ruwan yankin kuma ta daɗe tana biyan masu gidaje kuɗi don su tuge tasu su dasa tsirran hamada. Masu abin suna ajiye shi, masu aro suna ƙara rungumarsa, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

Tsiron da ya san ƙasar

Karkashi, wanda masana tsirrai ke kira Ceratotheca sesamoides, ɗan gida ɗaya ne da riɗi. Asalinsa Afirka ne, yana fitowa da kansa a jigawa da saurukan gonaki tun daga Senegal har gabashi da kudancin nahiyar. Tsiro ne na shekara ɗaya, yana iya kai mita guda a tsayi. Furensa kamar 'yar ƙaramar kakaki yake, launin ruwan hoda mai sirkin shunayya, leɓensa na ƙasa ya ɗan zazzago, da zane-zanen layuka masu duhu da ke shiga cikin maƙogwaronsa. Da sassafe yake buɗewa. Bayan furen ya faɗi sai kwanso ya fito da 'yan ƙahoni a bakinsa, daga nan ma sunansa na kimiyya ya samo asali, domin ma'anarsa kwanso mai ƙaho.

Juriyarsa ga fari tana buƙatar bayani, don kada a yi masa ƙarya. Karkashi ba ya zama kore a watan Maris. Dabararsa ita ce sauri da haƙuri: yana tsirowa da ruwan farko, ya jure zafi da tsaikon ruwa na tsakiyar damina wanda kan sa masara ta naɗe ganye, ya yi fure, ya zuba iri, sannan ya bushe. Irin ya kwanta cikin rairayi ya ƙetare rani ba tare da ɗigon ruwa ba. Ƙasar da manomi ke rainawa, mai yashi da ƙarancin taki, ita ce tasa. Abin da ke kashe shi shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi, wato dai gatan da ake yi wa fulawar leda.

Abin takaici shi ne duniya ta san darajarsa. Busasshen ganyensa, wanda matan Hausa da na Barno suka daɗe suna wanke kai da yauƙinsa, yanzu ana ƙulla shi a fakiti ana sayarwa a intanet da sunan ambunu, daga Chadi zuwa matan Amurka da Turai masu gudun sabulun kanti. Ɗan'uwansa na kudancin Afirka, Ceratotheca triloba, kamfanonin iri na Turai da Amurka suna sayar da shi a matsayin furen ado. Haka ma gasaya: 'yar'uwarta ta Kudancin Amurka tana cike da lambunan shaƙatawa na Turai. Da za a kawo karkashi daga Dubai a tukunyar roba da suna na Turanci a manne, da an ga layi a wurin masu sayar da fulawa.

Abin da ya haɗa fure da tukunyar miya

Yawancin tsirrai ba sa yin 'ya'ya sai garin furen namiji ya isa ga macen fure. A wasu iska ce ke kaiwa, a wasu furen ke yi wa kansa, a mafi yawa kuwa ƙwari ne 'yan aike: ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi, wasu ƙudaje da buzuzu, har da tsuntsaye da jemagu. Suna zuwa ne neman ruwan zaƙi da garin fure, su yi barbarar a kan hanya. A 2016 kwamitin masana na ƙasa da ƙasa mai suna IPBES ya bayyana cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da wannan aiki, haka kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure.

A ƙasar Hausa rabon a fili yake. Gero, dawa, masara da shinkafa ba su damu da ƙwari ba. Kabewa, kankana, gurji da agushi kuwa furen namiji daban, na mace daban, in ba ƙwaro ba 'ya'ya. Mangwaro, kaɗanya da irin albasa duk suna buƙatar masu kai saƙon. Idan ƙwarin suka ƙaranta tuwo zai tsira, miya ce za ta talauce, da kayan marmari da aljihun manomi. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya hana ƙwari isa ga furannin auduga da na riɗi don a ga bambanci: amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100 a matsakaici, na riɗi da kashi 59. Duk wanda ya san abin da riɗi yake nufi ga manoman Jigawa da Nasarawa, ko ya ga buhunansa a kasuwar Maigatari, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Idan aka ce ƙudan zuma, hankali kan tafi ga na amya, wanda sura ta 16 a Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa. Shi ɗaya ne daga cikin nau'o'i fiye da 20,000 da aka sani a duniya. Mafi yawansu ba sa zama cikin runduna, ba sa tara zuma, mace ɗaya ce ke haƙa ɗan rami ta ajiye ƙwai da guzurin garin fure, kuma akasarinsu a cikin ƙasa suke wannan rami. Saboda haka suna buƙatar abu biyu: fure, da ƙasar da ba a rufe ba. Gidan intalok ya hana su duka biyun. A karkara ma wurin nasu yana ƙuntata, domin gonakin gefen birane suna komawa fuloti, maganin feshin ciyawa kuma ya share iyakokin gonaki inda karkashi, gasaya da danginsu suke fitowa ba mai shuka su.

Furen karkashi kamar don su aka ƙera shi. Leɓen da ya zazzago wurin sauka ne, layukan da ke cikinsa suna nuna hanyar ruwan zaƙi, faɗin bakinsa kuma daidai jikin ƙudan zuma. Shi kansa yana iya yi wa kansa barbara, ko baƙo bai zo ba zai yi iri, wanda hakan sauƙi ne ga mai shuka. Amma ƙofarsa a buɗe take, kuma tun da ba rana ɗaya yake gama fure ba, yana bin kara ne daga ƙasa zuwa sama, abincin yakan ɗauki makonni.

Hujjojin masu ƙi

Hujja ta farko maciji da sauro. Maciji ɓera yake bi, da tarin bulo da tarkacen da aka jibge a bayan gida. Sauro kuma a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa: tsohuwar taya, gwangwani, kwata, da farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fulawa. Kwamin karkashi mai faɗin tabarma biyu a kan busasshen rairayi, wanda ake gani har ƙasansa, ya fi shinge mai duhu da ake jiƙawa safe da yamma aminci ta kowace fuska.

Ta biyu harbi. Ƙudan zuman Afirka yana da faɗa, amma a bakin amyarsa yake yinsa. Wanda ya fito kiwo a kan fure ba ya kula mutum sai an matse shi, masu zaman kaɗaici kuwa ba su da rundunar da za su kare. Ba wanda ya ce a rataya amya a tsakar gida. Gidan da ke da wanda jikinsa ke kumbura ƙwarai idan an harbe shi yana da dalilin nisanta kwamin daga wurin zama, wannan kuma shawara ce ta wuri, ba ta hana shukar ba.

Ta uku ita ce mai nauyi: karkashi yana bushewa da kaka, rani kuma dogo ne. Gaskiya ne, shi kaɗai ba zai riƙe shekara ba. Amsar ita ce a haɗa shi da masu daɗewa waɗanda su ma ba sa neman tiyo bayan sun kama: magarya, sabara, lalle, zogale, da gawo inda fili ya isa, shi da ke fitar da ganye da fure lokacin da sauran itatuwa ke zubar da nasu. Karya tana ba da jan fure mai ban sha'awa a tsakiyar rani, tumfafiya kuma manyan baƙaƙen ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna sonta, sai dai ruwan karya dafi ne, nonon tumfafiya kuma yana illa ga ido, don haka ba su dace da inda yara da awaki ke kai-kawo ba. Bayan haka, tsakar gidan da ke nuna damina da kaka da rani ba ta da wani aibi. Koren da ba ya canzawa a watan Afrilu a Kano ba alamar lafiya yake nunawa ba, alamar janareta ce.

Ta huɗu: gida ɗaya me zai canza? Ƙudan zuman amya yana iya tafiyar kilomitoci, amma ƙananan masu zaman kaɗaici da yawansu ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga raminsu. A wurinsu unguwar da ba fure hamada ce da ba ta ƙetaruwa, kowane kwami kuma zango ne. Masu bincike na Jami'ar Biristol sun auna ruwan zaƙin furanni a birane huɗu na Birtaniya, suka bayyana a 2021 cewa kimanin kashi 85 cikin 100 nasa daga lambunan gidajen mutane yake fitowa, ba daga filayen gwamnati ba. Biranen ƙasar Hausa kuwa kewaye suke da lambunan rani da gonakin kayan miya, har a cikin gari, irin na bakin Jakara a Kano. Ƙwaron da ya ci a tsakar gidan likita shi ne zai sauka a kan kabewar mai lambu.

Akwai hujja ta biyar da ba a cika furtawa ba, ita ce kuma ta gaskiyar: gidan zai yi kama da ƙauye. Mutumin da ya yi karatu ya fito daga gidan ƙasa yana son tsakar gidansa ta shaida cewa ya fito, kuma karkashi yana tuna masa abin da yake son baƙo ya manta. Ana iya fahimtar wannan, amma ba a iya kare shi. Ilimin da ya kai mutum ga zubar da lita 600 a rana don ya ɓoye asalinsa bai gama aikinsa ba. Wanda ya san lissafin ruwa, ya san aikin ƙudan zuma, ya kuma zaɓi furen ƙasarsa da saninsa, shi ne ya ci moriyar karatun. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda ake yi

Aikin bai kai wahalar ciyawar ado ba ko kusa. Iri yana samuwa a wurin 'yan'uwa na karkara da matan da ke sayar da ganyen miya. Ana tsinko kwanson da kaka idan ya yi ruwan ƙasa, kafin ya tsage ya watsar, a shanya a inuwa, a adana a takarda ko ƙwarya a wuri busasshe. A zaɓi gefen da rana ke bugawa sosai, a ɗaga intalok na murabba'in mita biyu ko uku, a kwashe ɓaraguzan siminti. Idan ƙasar laka ce a gauraya ta da yashi a ɗan ɗaga kwamin don ruwa ya riƙa wucewa. Ɗan ruɓaɓɓen takin gida ya wadatar.

Idan damina ta kankama, a cakuɗa irin da yashi tun da ƙanana ne, a yafa, a rufe da ƙasa kaɗan. Bayan sun fito a rage su, a bar kamar taƙi ɗaya ko biyu tsakanin kowane biyu. Tsinke kan tsiron yana sa ya yi rassa, ganyen da aka tsinka kuma ya shiga tukunya, amma a ware wasu da ba za a taɓa ba don su yi fure su zuba iri. Gasaya, yakuwa da ɗoɗɗoya suna zama da shi lafiya, suna kuma tsawaita kwanakin fure. Wanda ba shi da fili, tsohon bokiti da aka huda gindinsa aka cika da rairayi ya isa, sai dai na bokiti yana son a riƙa leƙa shi idan ruwa ya yi tsaiko.

Sharuɗɗa uku ne ke mai da kwamin ya zama na ƙwari. Kada a yi feshi a kusa da shi, domin magungunan ƙwari da ake fesawa a gidaje ba sa bambance sauro da ƙudan zuma. A bar ɗan fili na ƙasa tsirara a gefe, ba tono ba ban-ruwa, don masu haƙa rami. Da rani kuma a ajiye kasko mara zurfi da tsakuwa a ciki da ɗan ruwa, a riƙa zubarwa ana sakewa duk kwana biyu don kada sauro ya samu wurin haihuwa. Idan tsirran suka bushe a sare su, a bar irin da ya zuba. Damina ta gaba ba sai an sake shuka ba.

Darasin Maraɗi

A farkon shekarun 1980 gonakin yankin Maraɗi sun zama fako, ayyukan dashen itatuwan da aka rena a leda kuma suna ta mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon suna gyara shi maimakon sarewa, dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Abin da ake nema yana nan a ƙasa tun farko, hannun da ke sarewa ne ya tsaya.

Tsakar gidan birni ƙaramin fili ce, amma masu ita su ne masu tsara wa sauran jama'a abin da ake kira kyau. Mai zanen gini da ke shafe kowane fili da intalok a takarda yana iya barin kwami. Kwamitin rukunin gidaje, shugaban makaranta da mai kula da harabar asibiti ko masallaci suna iya daina biyan kuɗin feshi a gefen katanga. Masu sayar da fulawa a bakin titi ba su da gaba da karkashi, abin da ake tambaya suke renowa, kuma ranar da mutum goma masu manyan motoci suka tsaya suka nemi irinsa, na sha ɗaya zai same shi a jere. Kafin nan, abin da ake buƙata daga mai gida bai wuce magana ɗaya ga gadina ba a farkon damina: wannan mai fure ruwan hoda da ke gindin katanga, a bar shi.